Makunnin Malam Hammadu

Da ƙarfe tara na safe inbatar Saliha, akwatin da ke sarrafa wutar sola, ta ƙone. Ba wata ƙara mai firgitarwa ta yi ba, ɗan tas ne kawai kamar an taka busasshen kara, sai siririn hayaƙi ya sulalo ta ramukan akwatin. Saliha tana can bakin rijiyar burtsatse riƙe da tiyo tana jiran ruwa, warin roba ne ya iso mata kafin kowa ya yi magana.

Ta saki tiyon ta ruga. Mahaifinta, Malam Hammadu, yana tsaye gaban akwatin a ƙarƙashin rumfar kara, hannayensa biyu a baya, yana kallon hayaƙin kamar bai taɓa ganin hayaƙi ba.

"Baba, me ya faru?"

"Na danna kamar yadda kika ce," in ji shi. Bai kalle ta ba.

Ta zare wayar da ke zuwa daga farantan sola, ta durƙusa ta kwance murfin. Ba ta buƙatar mita ta gaya mata komai. Transisto huɗun da ke jere a kan ƙarfen sanyaya su, biyu sun tsage, biyu sun yi baƙi. Gabanta ya faɗi, domin ta san abin da ke bayanta ko ba ta waiwaya ba.

Kadada guda ce ta tumatir, kwana uku da dasawa. Dashen kwana uku kuwa jariri ne, saiwarsa ba ta kama ƙasa ba, ruwan da aka ba shi ranar dasawa shi yake ta lasa. An rufe kanal mako biyu ana yashe shi, ba a sa ran ruwa sai wani satin. Rijiyar da aka haƙa a gonar ta yi zurfin da injin fetur ba ya iya jawo ruwanta, sai sumo, famfon nan da ake zurawa can ciki. Injin fetur ɗin ma babu shi, Malam Hammadu ya sayar tun da damina, a kan maganar Saliha kaɗai. Ta ce masa rana za ta ba shi ruwa kyauta, shi kuma da tsadar mai ta ishe shi ya ce to. In ruwa bai shiga fangalin nan yau ba, gobe sai dai a zo a yi wa dashen ta'aziyya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne inbatar ba saye aka yi ba. Ita ta zana ta, ita ta haɗa, wata bakwai tana kai a ɗakinta na Kumbotso bayan ta taso daga shagon haɗa sola inda take aiki. Wutar da faranti ke bayarwa hanya ɗaya take bi, kamar ruwan kanal. Sumo kuwa ba ya cin irin wannan, shi sai wuta mai kai-komo sau hamsin a daƙiƙa, kuma santala, ba mai tsalle-tsalle ba. Aikin transisto huɗun nan ke nan: su buɗe su rufe bi da bi, da sauri fiye da ƙiftawar ido, har wutar ta zama mai kai-komo. Ta gwada ta da ƙwan lantarki, ta gwada da fanka, da dutsen guga, har da shi kansa sumon a cikin durom. Layin da ke fitowa a fuskar na'urar awonta ya yi kyau ƙwarai, har maigidan shagon ya ɗauki hotonsa a waya. Ga shi yau, a gaban mahaifinta, ba ta yi ko minti ɗaya ba.

"Assalamu alaikum. Ƙauri nake ji, ko injiniya ce ke dafa mana kalaci?"

Dattijo ne, maƙwabcinsu na gona, ya tsallako kunya yana karkaɗe wandonsa. Shi albasa yake yi, ba ta gaggawar ruwa kamar dashe, saboda haka yana da lokacin kallon gonar wani. Ba mugun mutum ba ne, bakinsa ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Tun ranar da aka kafa farantan yake cewa wutar rana ta cajin waya ce da kallon ƙwallo.

"Ina kwana, Baffa," in ji Saliha.

"Lafiya lau, injiniya. To, Hammadu, ina ruwan?"

Malam Hammadu ya ce, "Yana zuwa, in sha Allahu." Muryarsa ba ta fita sosai ba.

Saliha ta zazzage jakarta a kan buhu. Transisto huɗu ne suka rage mata, cif, a cikin 'yar leda. Ta san a nan Kura ba za ta samu irinsu ba, sai Sabon Gari, kuma kafin ta je Kano ta dawo rana ta yi sanyi, faranti ba su da sauran ƙarfi. Ranar da ke gasa dashen ita ce kuma kaɗai za ta iya shayar da shi, kuma daga la'asar ta gama aiki. Tana iya liƙa huɗun nan a cikin awa ɗaya. Amma in ba ta gano abin da ya kashe na farko ba, su ma haka za su bi.

Ta jona kwamfutarta da 'yar ƙwaƙwalwar inbatar. Sauran caji kashi talatin da ɗaya. Jiya ta kwana a gidansu na ƙauye, babu wuta, ta ce ai da safe ta yi caji a jikin inbatar. Ta ji haushin kanta har ta ciji leɓe.

Ta sa wa ƙwaƙwalwar wata 'yar dabara tun a Kumbotso, ta riƙa rubuta duk lokacin da aka kunna ta da irin wutar da aka ja. Ta buɗe rubutun tana zaton za ta ga layi ɗaya. Sai ta ga huɗu. An kunna, sumo ya fizgi wuta ninki biyar na abin da yake ci, inbatar ta jure. Bayan daƙiƙa shida aka kashe aka sake kunnawa. Bayan daƙiƙa biyu kuma aka sake. A na huɗu rubutun ya yanke.

Ta ɗago kai a hankali ta dubi makunnin. Akwai shatin babban yatsa na laka a sama, akwai a ƙasa.

Nan take komai ya fito mata fili. Shekara ashirin da wani abu mahaifinta yana tayar da injin fetur. Ka ja igiya, in bai kama ba ka sake ja, ka sake, da sauri kafin ya huce, har ya yi tari ya tashi. Kuma da ya tashi ruwa ke feshi. Shi a wurinsa injin da aka kunna aka ji shiru, injin da bai kama ba ne. Bai san cewa ruwan yana can yana hawowa cikin dogon bututu ba. Da ya kashe, ruwan da ya hau ya koma ƙasa da nauyinsa, ya juya sumon baya. Sai aka sake danna masa wuta yana cikin juyawa baya, sau uku. Ko jaki ka yi wa haka sai ya yi harbi.

Maganar ta zo mata har baki. Ta ji zafi a ƙirjinta, irin na wanda ya yi wata bakwai a kan abu aka kashe shi da yatsa ɗaya. Ta juya, sai ta ga Dattijo ya zauna a kan bulo ya miƙe ƙafa yana jiran labari. Mahaifinta kuwa ya koma bakin fangali na farko, ya tsuguna, ya sa tafin hannu yana yi wa wani dashe inuwa. Mutumin da ko a taron 'yan ƙungiyar ruwa ba a ɗaga masa murya, yau ya kasa haɗa ido da 'yarsa. Ya san abin da ya yi, ko da bai san yadda abin ya yi ɓarna ba.

"To, injiniya, me likita ya gano?" in ji Dattijo.

"Kuskurena ne, Baffa," ta ce. "Akwai abin da ban lissafa ba."

Ta faɗa ne don ta rufe bakinsa, amma tana gama faɗa ta ga gaskiya ce. Ta lissafa zafin rana, ta lissafa ƙarfin sumo, ta lissafa tsawon waya. Ba ta lissafa hannun wanda zai kunna ba.

"Baffa, kana da gawayi?"

"Na shayi. Shayi za ki ba ta?"

"Ƙarfen liƙa dalma zan gasa."

Dattijo ya yi dariya har da buga cinya, amma ya tashi ya ɗauko kurfotinsa, ya kuma zauna yana fifita da murfin kwali ba tare da an roƙe shi ba. Ƙarfenta na lantarki ne, babu wutar da za ta sa masa, sai ta tura bakinsa cikin garwashi kamar yadda ta ga masu gyaran rediyo na da suna yi. Kowane zafi ɗaya ƙafa biyu ta transisto yake liƙa mata kafin ya huce. Ta cire matattun, ta goge wurin, ta auna sauran kayan ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya mutu a ɓoye. Ta samu ƙaramin guda ɗaya da ya ƙone tare da su, ta ciro irinsa daga tsohuwar cajar da ke jakarta. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana kawar da kai don kada ya faɗa kan allon. Awa ɗayan da ta yi zato ta zama uku.

Da suka idar da sallar azahar a gindin darbejiya ta dubi gonar, ta yi da-na-sanin dubawa. Dashen da ke tsaye da safe duk ya sunkuyar da kai. Na gefen yamma, inda ƙasar ta fi yashi, ya kwanta ƙasa shame-shame. Malam Hammadu ya ɗauki bokiti biyu ya nufi wani kududdufi da ya rage a cikin kanal, tafiyar minti goma, yana dawowa yana zuba wa kowane dashe rabin gwangwani. Kadada guda da gwangwani. Shi ma ya san ba zai kai ko'ina ba, zaman ne ba zai iya ba.

Saliha ta buɗe kwamfuta. Kashi goma sha huɗu.

Tana kallonsa daga nesa, sai ta tuna yadda yake ba da ruwa. Tun tana ƙarama take ganinsa, bai taɓa sare bakin fangali gaba ɗaya ba. Da bakin fartanya yake ɗan tsaga shi, ruwa ya silalo ya jiƙa ƙasa, sannan ya ƙara buɗewa kaɗan, sai ƙasa ta saba ya sake shi duka. Yakan ce ruwan da aka saki da ƙarfi iri yake tonewa. Duk faɗin wannan yanki babu mai haƙurinsa da ruwa, kuma babu mai gajen haƙurinsa da inji. Ita kuma da karatunta ta tashi ta sakar wa sumo wuta gaba ɗaya, kamar mai fasa kunya.

Abu biyu ta rubuta wa ƙwaƙwalwar. Na farko, kada wuta ta fara da kai-komo hamsin. Ta fara da biyar, a raunane, ta riƙa hawa a hankali har daƙiƙa goma sha biyar, yadda sumo zai tashi ba fizga. Wannan ta san shi, ta taɓa gwada irinsa a makaranta. Na biyun ne sabo: in aka kashe, ko sau nawa aka danna makunni, inbatar ta yi kunnen uwar shegu har minti ɗaya ya cika, ruwa ya gama komawa, sumo ya tsaya cik, sannan ta tashi da kanta. Ta ci gaba da rubutawa da sauri. Kashi shida. Ta so ta sake karantawa ko sau ɗaya ne, ta ga ba hali. Ta danna aikawa.

Layin da ke nuna tafiyar aikin ya fara cika. Ya wuce rabi. Ya kusa ƙarshe, saura ɗan ƙiris, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Ta zauna riƙe da ita a cinya. Ko ya shiga duka, ko ya tsaya a hanya, in kuwa a hanya ya tsaya to inbatar ta zama akwatin banza. Babu yadda za ta sani sai an kunna. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke sa mutum jin sanyi a tsakiyar rana.

"Ita ma ta mutu?" in ji Dattijo. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

"Ta gama aikinta," in ji Saliha, tana fatan haka ne.

Ƙarfe uku saura. Ta sa su biyun suka taya ta karkata farantan zuwa yamma, suka tokare da bulo. Ta mayar da murfi, ta jona waya, ta auna. Wutar ta ragu da ta safe, amma za ta iya, in aka samu awa biyu. Ta miƙa hannu za ta danna makunnin.

"Ka gani ko, Hammadu," in ji Dattijo, "yau an karɓe maka tuƙi."

Wasa ya yi, amma Saliha ta ga yadda mahaifinta ya ja baya da taki ɗaya, ya mayar da hannayensa baya kamar ɗazu. Hannunta ya tsaya a iska. In ita ta danna, ta san sau ɗaya za ta danna. Amma jibi tana Kumbotso, kuma dashe ba sau ɗaya yake shan ruwa ba. Kowace safiya wannan hannun ne zai zo wurin nan shi kaɗai. In akwatin ba zai jure masa ba, to kwana biyu kawai ta ƙara wa tumatirin. Sai dai transisto huɗu ne a ciki, babu na biyar, kuma abin da ta rubuta ko karanta shi ba ta yi ba.

Ta janye hannunta.

"Baba, gonarka ce. Bismillah. Danna sau ɗaya, zai ɗan jima."

Ya dube ta, karo na farko tun safe. Ya goge yatsansa a riga, ya yi bismillah, ya danna.

Shiru. Sannan wani gunji ƙasa-ƙasa ya taso daga akwatin, yana hawa a hankali, yana sirancewa. Saliha ta yi hamdala. Rubutun ya shiga. Ta tsuguna gaban mita tana kallon lambobi suna hawa, goma, ashirin, talatin da biyar, babu fizga ko ɗaya, har suka tsaya a hamsin suka zauna daram.

Tiyo dai yana kwance a bakin fangali, a bushe. Rana ta yi rauni, sumo yana turo ruwa a hankali, bututun kuma dogo ne. Daƙiƙa talatin. Arba'in. Dattijo ya je ya ɗaga tiyon ya leƙa cikinsa, ya girgiza, ya ajiye.

"Babu ko iska," ya ce.

Saliha ta buɗe baki za ta ce a ƙara haƙuri, sai ta ji ƙas, ƙas, a bayanta. Gunjin ya ɗauke.

Ta juya. Yatsan Malam Hammadu yana kan makunni, shi kansa yana kallon yatsan kamar na wani ne. Ba shawara ya yi ba, hannun ne ya ja igiyarsa ta shekara ashirin. Kafin ta ce komai, firgici ya sa ya sake dannawa, ƙas, ƙas.

"Inna lillahi," ya ce a hankali.

Babu wanda ya motsa. Saliha ta kafa wa ramukan akwatin ido tana jiran hayaƙi, hancinta yana neman warin roba. Tana jin ruwan yana komawa cikin rijiya, ƙululu, ƙululu, yana juya sumon baya. In akwai kuskuren harafi ɗaya a abin da ta rubuta, yanzu wuta za ta faɗa masa. Ƙaramar fitilar jikin akwatin tana ƙiftawa. Ta fara ƙirga ƙiftawar a zuci, ta ɓata lissafi a wajen ashirin da wani abu, ta sake farawa.

"Ta ƙone?" in ji Dattijo.

"Jira take yi, Baffa."

"Jiran wa?"

Ta ci gaba da kallon fitilar. Ƙarar ruwan ta yi ƙasa, ta ɗauke. Minti ɗaya bai taɓa yi mata tsawo haka ba, har ta fara zargin ko sifili ta ƙara, ta rubuta minti goma, ko awa. Fitilar ta daina ƙiftawa. Sai gunjin ya taso da kansa daga ƙasa, a hankali, ba wanda ya taɓa komai.

Wannan karon Malam Hammadu ya cusa hannayensa biyu cikin aljihun riga ya damƙe. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kusa. Tiyon ya motsa, ya yi tari, ya tofar da iska da jan laka, sannan ruwa ya biyo, kauri guda, ba yankewa.

Dattijo ya ce, "Ikon Allah," ya cire hula ya mayar. Da ya ga ba a kula shi ba sai ya ɗauki fartanya ya nufi layin yamma, inda dashe ya fi jigata, ya fara gyara hanyar ruwa.

Malam Hammadu bai bi ruwan nan da nan ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya har Dattijo ya yi nisa.

"Saliha."

"Na'am, Baba."

"Da safe ma na taɓa. Sau uku, ko huɗu."

"Na sani, Baba."

"Kin sani kika ce kuskurenki ne? Kika kuma sake ba ni?"

Ta tattara matattun transiston daga kan buhu ta zuba a leda. Idonta ya ciko, ba ta so ya gani.

"Ta farko na yi ta ne don fanka da dutsen guga," ta ce. "Wannan don hannunka na yi ta. Danna yadda ka ga dama, za ta jira ka."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ciro hannunsa daga aljihu, ya sa gefen rigarsa ya goge lakar da ke kan makunnin, sama da ƙasa, a hankali don kada ya danna. Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi bakin fangali na farko, inda ruwa ya taru yana jira, ya tsaga masa 'yar hanya kaɗan.